Yadda Ake Koyon Hawan Igiyar Ruwa a Doguwar Tafiya Zuwa Ƙasar Waje

Abin da ido ke kamawa a hoton mai hawan igiyar ruwa shi ne mutum a tsaye a kan allo, ya buɗe hannuwa, ruwa yana gudu da shi zuwa gaɓa. Masu binciken da suka auna yadda mahaya ke cin lokacinsu a cikin teku sun samu wani abu dabam: kusan rabin lokacin yana tafiya ne a kwance ana tuƙa allo da hannu, wani babban kaso yana tafiya a zaune ana jiran igiya, ita kuwa tsayuwar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka duk wanda ya ƙuduri aniyar barin ƙasarsa na wata biyu ko uku domin ya koyi wannan wasa, ya kamata ya san tun farko cewa halin teku zai je koyo, tsayuwa a kan allo kuwa za ta same shi a kan hanya.

Darasin mako guda yakan isa a tsayar da mutum a cikin kumfar igiyar da ta riga ta fashe, a ɗauke shi hoto, ya koma gida da murnarsa. Doguwar tafiya tana ba da abin da mako guda ba ya iya bayarwa, wato ganin gaɓa ɗaya a dukkan halayenta: ranar da ta kwanta da ranar da ta fusata, lokacin cika da lokacin janyewa, safiyar da iska ta lafa da yammacin da ta hargitsa komai. Wannan ne ya sa nake ganin zama a gari ɗaya na tsawon makonni ya fi yawo tsakanin ƙasashe huɗu ko biyar amfani nesa ba kusa ba, kuma a kan wannan ra'ayi aka gina matakan da ke biye.

Mataki na farko: iyo kafin tikiti

Iya ruwa fidda kai, kuma a nan maganar tana nufin ainihin abin da ta ce. Allo yana iyo, amma maɗaurin da ya haɗa shi da ƙafarka yana iya tsinkewa a ranar da ruwa ya fi ƙarfi, a lokacin kuwa babu abin da zai mayar da kai gaɓa sai hannunka da ƙafarka. Kafin ka sayi tikitin jirgi, ka tabbatar za ka iya yin iyo na mita 200 ba tare da ka tsaya ba, kuma za ka iya tsayawa a ruwan da ya fi tsayinka na minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba. Idan ba ka kai nan ba, ka ɗage tafiyar, ka sami malamin iyo a wurin da ake koyarwa. Ba na ganin akwai sassauci a wannan sharaɗi.

A cikin waɗannan watanni na shiri ka ƙarfafa kafaɗu da baya, domin su ne za su ɗauki nauyin tuƙi. Ka kuma saba da tashi daga kwance: ka kwanta rubda-ciki a ƙasa, tafukan hannunka a ƙarƙashin ƙirji, ka ɗaga jiki, ka kawo ƙafafu ƙarƙashinka a motsi ɗaya, ka tsaya a karkace da gwiwoyi a lanƙwashe. Ƙafar da ta saba zuwa gaba da kanta ita ce ƙafarka ta gaba a kan allo. Wasu hagu ce, wasu dama, babu wadda ta fi wata.

Mataki na biyu: zaɓen gaɓa da lokacinta

Sunan wuri yana yaudarar mai koyo, domin wuraren da suka fi shahara sun shahara ne saboda igiyoyin da ƙwararru ke nema. Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne abin da ke ƙarƙashin ruwan. Siffar ƙasan teku ita ke yanke yadda igiya za ta tashi da yadda za ta fashe. A Nazaré ta ƙasar Fotugal akwai wani kwazazzabo a ƙarƙashin teku da zurfinsa ya kai kusan mita 5,000, shi ke tattara ƙarfin ruwa ya jefo shi gaɓa, har Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a can a watan Oktoban 2020. Tafiyar kusan awa guda a mota kudu da nan kuwa, a Baleal kusa da Peniche, yara ne ke koyon tsayuwa a kan yashi mai gangara a hankali. Teku ɗaya ne, ƙasan ne ya bambanta. Mai koyo yana buƙatar yashi, faɗi, da gangara mai sauƙi. Wurin da igiya ke fashewa a kan duwatsu ko murjani, wato wata halitta mai tauri da kaifi kamar dutse da ke girma a ƙasan teku, a bar shi sai gaba.

Bayan ƙasa sai lokaci, domin kowace gaɓa da kakarta. A Maroko, garin Taghazout da ke kusan kilomita 20 arewa da Agadir yana samun manyan igiyoyi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da guguwar arewacin Tekun Atlantika ke aiko da ƙarfinta. Sabon shiga zai fi jin daɗin kaka ko bazara a can, kuma ya tsaya a yashin Tamraght ko ya haura arewa zuwa Imsouane, inda igiya ke tafiya a hankali na ɗaruruwan mitoci. A Fotugal ruwa yana yin laushi daga Yuni zuwa Satumba, sai dai yana da sanyi, da wuya ya haura digiri 20. A Siri Lanka iskar damina ce ke raba shekara biyu: Weligama a kudu tana kyau daga Nuwamba zuwa Afrilu, Arugam Bay a gabas kuma daga Mayu zuwa Satumba, ruwan kuwa yana kusan digiri 28 duk shekara. A tsibirin Bali na Indonesiya, gaɓar yamma ta fi kyau daga wajen Mayu zuwa Satumba. Yashin Kuta na masu koyo ne, murjanin Uluwatu kuwa ba nasu ba ne. A Afirka ta Kudu akwai Muizenberg kusa da birnin Cape Town, inda tun 2004 ake da masu gadi a kan dutse da ke lura da kifin shak, babban kifin da kan kai wa mutum hari, suna sanar da mutane da tutoci da jiniya. A Dakar ta Senegal, yashin Yoff ya dace da farawa, igiyar tsibirin Ngor kuwa tana fashewa a kan duwatsu masu cike da bushiyar ruwa.

Idan aka ce in zaɓa wa wanda bai taɓa shiga teku ba, zan fifita ruwa mai ɗumi, saboda sanyi yana gajarta lokacin da mutum zai iya yi a ciki, yana kuma daskarar da hannu a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Mataki na uku: takardu da masauki

Ka bincika tsawon zaman da bizarka ta ba ka kafin ka tsara komai. Ƙasashen Turai na yankin Shengen, ciki har da Fotugal da Sifen da Faransa, suna ba mai gajeren zama kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180. Ka karanta takardar inshorar tafiya da kyau, ka ga an ambaci hawan igiyar ruwa a cikin abin da ta ɗauka, domin wasu suna cire wasannin ruwa. Masauki kuwa ka nemi wanda za ka iya takawa daga gare shi zuwa bakin teku da allo a hammata. Wannan ya fi kyawun ɗaki muhimmanci, saboda wanda ke ganin ruwa sau uku a rana yana koyon abin da mai jiran mota ba zai koya ba.

Mataki na huɗu: malami da allo

Ka fara da malami, aƙalla na makon farko ko biyu. Ka tambayi shaidarsa ta koyarwa da ta ceto. Ƙungiyar Hawan Igiyar Ruwa ta Duniya, ISA, wadda aka kafa a 1964, tana ba da takardar koyarwa da ake ganewa a ƙasashe da dama. Ka tambayi kuma yawan ɗaliban da yake shiga ruwa da su a lokaci ɗaya, domin idan sun haura takwas ba zai iya ganin kuskurenka ba. Malamin kirki yana fara darasi ne da nuna maka teku daga gaɓa, ya faɗa maka inda za ka shiga, inda za ka fita, da inda ba za ka je ba.

Game da allo, shawara ɗaya ce: babba, mai laushi. Allon soso mai tsawon ƙafa 8 zuwa 9, wato kusan mita 2.4 zuwa 2.7, shi ne na farawa. Ana auna girman allo da lita, kuma ƙiyasin da masu koyarwa ke yawan bi shi ne litocin allon mai koyo su yi kusa da nauyin jikinsa a kilo. Babban allo yana tafiya da sauri idan ana tuƙa shi, yana kama igiya da wuri, yana kuma ba ƙafa wurin gyara kuskure. Sha'awar ƙaramin allo mai tsini, irin na 'yan gasa, ita ce ta fi komai ɓata wa masu koyo lokaci. A kan dogayen alluna na itace masu nauyi mutanen Hawayi suka riƙa wannan wasa ɗaruruwan shekaru, kuma da irinsu Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, ya nuna shi a gaɓar Freshwater ta birnin Sidni na Ostiraliya a ƙarshen 1914. Babu abin kunya a dogon allo.

Maɗaurin ƙafa ya zama tsawonsa daidai da na allon, kuma a idon sawun ƙafar baya ake ɗaura shi. Ka duba shi kowace rana ko ya fara tsagewa. Idan ruwan ya haura digiri 24, riga mai dogon hannu da wando mai kama jiki sun isa, suna kare fata daga rana da gogayyar allo. Tsakanin digiri 15 zuwa 19 ana sa rigar roba mai kaurin milimita 3 a jiki da 2 a hannu da ƙafa, idan ya fi haka sanyi kuma a koma mai 4 da 3. A makonnin farko haya ta fi saye, domin za ka iya sauya allo yadda ka ga dama.

Mataki na biyar: karatun teku

Nan ne ya kamata doguwar tafiya ta biya kuɗinta. Ka ɗora wa kanka doka cewa ba za ka shiga ruwa ba sai ka tsaya a gaɓa ka kalle shi na minti 10 zuwa 15, kana neman amsar tambayoyi huɗu: ina igiyoyi ke fashewa, nawa ne ke zuwa a jere, daga ina iska ke kaɗawa, kuma ta ina ruwa ke komawa.

Igiyar da kake gani iska ce ta haife ta, sau da yawa a nisan dubban kilomitoci, kwanaki kafin ta iso. Manhajojin hasashe irin su Surfline da Windy suna ba da tsayinta, da inda ta fito, da tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata a sakan. Sabon shiga yakan kalli tsayi kawai, alhali tazarar ce ke faɗin ƙarfi. A cikin zurfin teku, igiya mai tazarar sakan 7 faɗinta daga tsini zuwa tsini kusan mita 76 ne, mai sakan 14 kuwa ya haura mita 300. Ke nan idan hasashe ya nuna mita 1 a ranaku biyu, ranar sakan 14 tana ɗauke da ruwa da ƙarfin da ranar sakan 7 ba ta kusa da shi. Igiya tana fashewa ne idan ta iso wurin da zurfin ruwa ya kai kusan ninki 1.3 na tsayinta, shi ya sa manya ke fashewa can nesa, ƙanana kuma kusa da gaɓa. Suna kuma zuwa ayari-ayari, da ɗan shiru a tsakani, kuma a cikin wannan shirun ake shiga.

Iskar da ke tasowa daga tudu zuwa teku tana riƙe fuskar igiya ta yi santsi, wadda ke tasowa daga teku kuwa tana rugurguza ta. A wurare da yawa ta farko da asuba take samuwa, lokacin da ƙasa ta fi ruwa sanyi, sannan ta juya da rana ta ɗaga. Wannan shi ne dalilin sammakon mahaya. Sai cikar teku da janyewarta: a mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a rana, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Bambancin yana ƙaruwa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A Siri Lanka bai kai mita guda ba, a Fotugal da Maroko kuwa yakan kai mita 3, har gaɓar da ka sani da safe ta zama baƙuwa da azahar. Ka riƙa rubuta abin da hasashe ya ce da abin da idonka ya gani a ƙaramin littafi. Bayan makonni kaɗan za ka fara sanin wane lokaci ne gaɓarka ke so.

Tambaya ta huɗu ita ce ta rai da mutuwa. Ruwan da igiyoyi ke tarawa a gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, kamar yadda ruwan sama ke neman lambatu, sai ya haƙa mashiga a cikin yashi ya riƙa kwarara zuwa teku. Wannan ruwa mai ja yana iya gudun mita 2.5 a sakan, abin da ya fi gudun zakarun iyo na duniya, kuma ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ake cetowa a gaɓoɓi masu igiya shi ne sanadinsu. Haɗarinsa shi ne yana kama da wuri mafi aminci: wani fili mai duhu da kwanciya a tsakanin wuraren da igiya ke fashewa, wani lokaci da launin yashi, kumfa tana tafiya a kansa zuwa ciki. Idan ya kama ka, kada ka sauka daga kan allo, kada kuma ka yi kokawa da shi kai tsaye. Ka tuƙa a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka isa inda igiya ke fashewa, ita za ta turo ka waje. Idan ka gaji, ka ɗaga hannu ɗaya sama, ka yi kira. Ruwa mai ja ba ya jan mutum ƙasa, firgita da gajiya ne ke kisa. Ka koyi ma'anar tutocin gaɓarka, jar tuta dai a ko'ina alamar haɗari ce, kuma kada ka shiga ruwa kai kaɗai.

Mataki na shida: makonnin kumfa

Za ka fara ne a ruwan da bai wuce ƙugu ba, a cikin farar kumfar igiyar da ta riga ta fashe. Ka riƙe allo a gefenka, hancinsa yana fuskantar teku. Kada ka taɓa sa shi a gicciye tsakaninka da igiya, domin ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa ya kai tan guda, kuma da wannan nauyin zai make ka da allonka. Kana tafiya kana jan ƙafa a kan yashi, saboda kifi mai dafi a jela da ke kwance a ƙasa ya ji motsinka ya gudu.

Da ka ga kumfar da kake so, ka juya allo ya kalli gaɓa, ka kwanta a tsakiyarsa. Wurin kwanciya yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: idan ka matsa gaba hanci zai nutse, idan ka ja baya allo zai yi ta jan ruwa ba ya tafiya. Daidai shi ne hancin ya ɗan ɗaga sama da ruwa da kamar faɗin yatsu uku. Ka haɗe ƙafafu, ka ɗaga ƙirji, ka tuƙa da hannu ɗaya bayan ɗaya, kana zurfafa hannun kana jawo ruwa har ƙugu. Idan ka ji igiya ta ɗauke ka, ka ƙara tuƙi biyu ko uku kafin ka yi yunƙurin tashi, domin gaggawar tashi ita ce ke sa igiya ta wuce ta bar mutum.

Sannan tashin da ka yi ta maimaitawa a ƙasa. Tafuka a shimfiɗe a kan allo kusa da haƙarƙari, ba a riƙe gefuna ba. Ƙafar gaba ta sauka a inda hannuwa suke, ta baya kusa da ƙarshen allo, tazararsu ta ɗan fi faɗin kafaɗu. Gwiwa ce ke lanƙwashewa, baya yana miƙe. Ido kuma yana kan gaɓa, domin jiki yana bin inda ido ya kalla, wanda ya kalli ƙafarsa kuwa can zai nufa. Ka guji sabawa da durƙusawa a kan gwiwa kafin tsayuwa. Yana da sauƙi a ranar farko, amma cire shi daga jiki yakan ci makonni.

Faɗuwa ma ana koyonta. Ka faɗa a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, nesa da allo, kada ka taɓa shiga da kai, domin ruwan ba shi da zurfi kuma wuya ba ya jure karo da yashi. Kafin ka ɗago, ka rufe kai da hannuwa, saboda allon yana iya kasancewa a sama yana dawowa.

Mataki na bakwai: wucewa bayan kumfa

Idan ka kai ga tashi a yawancin yunƙurinka, kana kuma iya karkata allo dama da hagu, lokaci ya yi da za ka nemi igiyar da ba ta fashe ba. Ka zaɓi ranar da ruwa bai wuce ƙugu zuwa ƙirji ba, ka tafi da malami. Ƙaramar kumfa ana wuce ta da ɗaga ƙirji ta bi tsakaninka da allo. Babba kuwa, ka riƙe gefunan allo da ƙarfi, ka mirgina ka koma ƙarƙashinsa, hancinsa yana kallon igiya sak, har ta wuce, sannan ka mirgino ka ci gaba da tuƙi nan take.

A can bayan inda igiya ke fashewa za ka koyi zama a kan allo da juya shi da ƙafafu. Ka sami alamu biyu a tudu, kamar bishiya da gini, ka riƙa auna matsayinka da su, domin ruwa yana tafiya da mutum bai sani ba. Igiyar da ba ta fashe ba tana buƙatar ka fara tuƙi da wuri, kana waiwaye kana ganinta, har gudunka ya kusa nata. Ka ɗan karkata hancin allo zuwa ɓangaren da take buɗewa, ka tashi tun kana samanta, ka bi fuskarta a gicciye. A nan mutum zai sha nutsewar hanci sau da yawa, kuma maganinsa yawanci ƙarin tuƙi ne da ɗaga ƙirji, ba ja da baya a kan allo ba. Wannan mataki ya fi kowane tsawo. Wasu kan yi makonni suna ganin kamar sun koma baya, alhali idonsu ne ke koyon zaɓe, abin da babu mai iya koya musu da baki.

Mataki na takwas: haƙƙin mutane a cikin ruwa

Igiya ɗaya mutum ɗaya take ɗauka, kuma mai haƙƙi a kanta shi ne wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa. Kafin ka tashi ka dubi ɓangaren nan. Idan akwai wani a kai, ka janye. Kada ka zagaya bayan wanda ya daɗe yana jira domin ka ƙwace masa matsayi. Idan kana komawa ciki, ka kewaye hanyar masu hawa, idan kuma ba makawa, ka nufi kumfa ka bar musu fuskar igiya, ko da kai za ka sha duka. Kada ka saki allonka alhali akwai mutum a bayanka, domin tsawon allo da na maɗauri idan aka haɗa sun kai mita 5.

Ka tuna kuma cewa kai baƙo ne. Waɗanda ka tarar a ruwan sun girma a wannan gaɓa, wasu da ita suke ci da iyalinsu, wasu kuma masunta ne da suka riga masu alluna zuwa wurin. Ka gaishe su da harshensu, ka zauna a gefe a kwanakin farko, ka ba da haƙuri da wuri idan ka yi kuskure, ka kuma kula da irin shigar da mutanen garin suka yarda da ita idan ka bar bakin ruwa. Wanda ya zauna wuri ɗaya aka san fuskarsa, wata rana za a kira shi a ce ga igiya ta zo, ya hau, za a kuma gaya masa inda dutse ke ɓoye idan teku ya janye.

Mataki na tara: kula da jiki da sauya allo

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa a kowace shiga, kuma bayan kwana uku ko huɗu ka huta kwana ɗaya, domin kafaɗar da aka matsa wa a watan farko tana iya cinye sauran tafiyar. Ka sha ruwa sosai kafin shiga da bayan fita, ka shafa man kariya daga rana mai lamba 50 a fuska da wuya da bayan ƙafafu, ko da fatarka baƙa ce, saboda ruwa yana mayar da hasken rana sama. Duk yankan da dutse ko murjani ya yi maka, ka wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, ka sa magani, domin a ƙasashe masu zafi ƙaramin rauni yana saurin ruɓewa. Harbin kifi mai dafi ana tsoma shi a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, sannan a ga likita. A ruwa mai sanyi ka sa abin toshe kunne, domin sanyi da iska na tsawon shekaru suna sa ƙashi ya tsiro a cikin kunne. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, musamman kusa da bakin kogi, ka dakata. Hukumomin lafiya a Kalifoniya suna ba da shawarar jiran awa 72. Idan ka ji tsawa, ka fita.

Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo sau ɗaya a mako daga gaɓa, ka kalla tare da malaminka, ka ɗauki gyara ɗaya tak ka yi aiki a kansa har mako ya zagayo. Allo kuwa kada ka rage shi sai kana kama igiyar da ba ta fashe ba da kanka, kana bin fuskarta dama da hagu, kana kuma iya fita daga kanta lokacin da ka so. Ko a lokacin, ka rage kaɗan: daga ƙafa 8 na soso zuwa ƙafa 7 da rabi mai tauri, a shafa masa kakin da ya dace da zafin ruwan wurin domin ƙafa ta kama. Idan ka ga yawan igiyoyin da kake kamawa ya ragu da rabi bayan sauyin, ka koma kan na da na wasu makonni. Haka ma ziyarar wata gaɓa: ka bar ta zuwa kashi na ƙarshe na tafiyar, ka je da wanda ya san wurin, ka isa lokacin da teku ya janye domin ka ga duwatsu da mashigan ruwa da idonka, sannan ka tsaya ka yi kallon minti 15 ɗin nan kafin ka ɗaura maɗauri.